Kambun Manzo

Filinge, 14 ga Janairu 1957

Zuwa ga taubashina Lawali, mai juya injin sinima a Yamai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Balkisu da yara. Yaya sanyin bakin kogi, yaya aiki? Mu nan lafiya lau, hatsi ya shiga rumbu. Sai dai gwaggonka, Inna Kubura, idonta na ƙara dushewa, yanzu da murya take gane mutum.

Takardarka ta iso, shafi uku, babu layi ɗaya na tambayar gona, duk labarin sinima ne. Ka yaba mini wannan, ka yaba mini wancan, sai ka ce ban zo wurinka ba a hutun bara na ga abin da kuke nuna wa mutane. Wani ƙato ya harbe mutum goma sha biyu bai sake ɗura bindiga ba, hularsa ma ba ta karkace ba. Wata kuma mijinta ya mutu, maimakon ta zauna a yi mata gaisuwa, sai ta fita tana zagaya itace tana waƙa, har na yi gyangyaɗi na farka ba ta gama ba. Kai kuwa kana can baya cikin ɗan akurkinka, in zaren fim ya tsinke ka yanke, ka liƙa, ka watsar da guntaye a ƙasa, kana jin kanka wani babban likita. To ba don waɗannan na ɗauki alƙalami ba.

Ranar Alhamis kamyon sinima, babbar motar nan mai yawo da fim, ya sauka garin nan. Kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ya aiko gardi, dogarinsa, har lakwal inda nake koyar da yara, wai tun da ni ne mushe, wato malamin boko, ni zan tsaya gefen farin ƙyalle da mazurarin gwangwani ina faɗa wa jama'a da Hausa abin da ake cewa. Na tambayi gardin wane fim ne, ya gaya mini. Shi ne wanda ka ce za mu sha mamaki, wanda aka ɗauko daga littafin nan da aka ba ni kyauta shekarar da muka gama lakwal. Shi ne kuma wanda Nasara suka zo neman mahaya dominsa, yau shekara huɗu ke nan saura kaɗan. Mutum goma sha biyu suka ɗauka, sha ɗaya suka dawo, suka ce ƙanena Manzo an wuce da shi arewa da dokinsa don a ƙarasa aiki. Tun ranar babu takarda, babu saƙo. Ka san da ciki ya bar matarsa Habsatu, ɗiyarsa Haske ba ta taɓa ganinsa ba.

Don haka da hannuna na shimfiɗa tabarma a sahun gaba bayan magariba, na zaunar da Inna da Habsatu da yarinyar.

Littafin nan na san shi kamar yunwar cikina. Labarin wani hafsan Nasara ne da ya keta daji daga ƙasar Kurfai zuwa arewa, tare da jagora ɗan ƙasa mai suna da asali, wanda ya san kowace rijiya, ya cece shi daga ƙishirwa, daga baya ya koma gidansa lafiya. A fim kuwa sun dasa zaki bayan kowane kurmi, alhali ni da aka haifa nan ban taɓa ganin zaki ba sai fatarsa. Mata na rawa babu biki babu suna. Mutanenmu bakinsu na motsi da Hausa, abin da ke fitowa wani gurnani ne da babu ƙabilar da ke yin sa. Na ga Ibrah maƙeri ƙiri-ƙiri yana roƙon ruwan sha, sun sa masa muryar mai barazanar kisa. Jagoran sun cire masa suna. Hafsan da a littafi ya kwanta yana kuka don ƙishi, shi ne a nan ke nuna wa ɗan ƙasa hanyar rijiya. Ni aka sa in fassara wannan, da bakina, gaban mutanen da suka haƙa rijiyoyin.

Sai ga Manzo. Shi ne jagoran. Rigarsa ta saƙi, malafa rataye a baya, kambu a dantse. Ya sa ƙafa a likkafa, ya waiwayo ya dube mu, ya yi dariyar nan tasa da ka sani. Fili duka ya ɗauki sunansa. Inna ta ɗaga hannu tana tambaya ko shi ne, ni kuma na manta aiki nake, na amsa mata ta cikin mazurari, gari duka ya ji.

Ba a yi nisa ba aka nuna shi yana sukuwa, aka ji ƙarar bindiga, dokin ya kife, ya juya bisa kansa, ya danne shi. Ƙura ta lafa bai motsa ba. Hafsan ya cire hula na ɗan lokaci, ya ci gaba da tafiya, fim ma ya ci gaba, har da sumbatar wata mata a ƙarshe. Na yi ta nanatawa cewa wasa ne, dabarar Nasara ce, a littafi jagoran bai mutu ba. Har aka tashi ban daina faɗa ba.

Lawali, sau nawa ka juya fim ɗin nan a Yamai? Ka ga faɗuwar nan, ka zauna ka rubuto mini za mu sha mamaki. Da ka ƙara layi ɗaya, da ban kai tsohuwa sahun gaba ba. Raina a ɓace yake da kai, kuma wannan ba wasan taubasai ba ne.

Ka gaida Balkisu, ka shafa mini kan yara. Allah ya bar zumunci.

Ɗan gwaggonka,
Kailu

Filinge, 20 ga Fabrairu 1957

Zuwa ga Lawali,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, kuma tarin da ka ce ya kama ƙaramin ya sake shi. Na ga ban haƙurinka, na karɓa, ko da yake rabin takardar ka ɓata wajen kare mutanen da ba su san kana duniya ba. Wai dole fim ya bambanta da littafi, wai mutuwar jagora ita ke sa 'yan kallo hawaye. To sun samu hawayen. Inna kwana tara ba ta ci abin kirki ba, sai fura da ake ɗura mata.

Kada ka ɗauka mutanen Filinge ba su san wasa ba ne, kamar yadda ka so ka nuna. Babu wanda ya yi wa zakunan nan kallon gaske, har yara dariya suke. Faɗuwar ce kawai ba a yi wa dariya ba, don nan kowa ya san doki. Ka tuna Magagi, tsohon da ya fara ɗora Manzo bisa sirdi? Da kamyon ya tashi zuwa Damana sai ya ɗaura sirdi ya bi shi, don kawai ya sake ganin wurin. Bayan kwana uku ya dawo ya same ni ƙofar gida. Ya ce dokin da ya faɗa rami kafaɗa ɗaya yake fara saukewa, wannan kuwa ƙafafunsa biyu na gaba aka fizge lokaci guda, aikin igiya ne. Ya ce mahayin da ya san zai faɗi yakan zare ƙafa daga likkafa ya saki jiki, Manzo kuwa ƙafafunsa biyu na ciki, ya duƙa gaba yana ƙara wa dokin wuta. A ganinsa ba a gaya wa Manzo za a kayar da dokin ba.

Na yi wa tsohon nan rashin kunya, ina jin nauyin abin har yanzu. Na ce shi da bai taɓa wuce Tawa ba, me ya sani game da dabarun Nasara? Ya ce gaskiya ne bai san Nasara ba, amma ya san doki. Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Makon jiya Malam Albarka, mahaifin Habsatu, ya zo daga Bankuku. Bai zo da faɗa ba. Ya ce ɗiyarsa ba matar aure ba, ba bazawara ba, ƙuruciyarta na tafiya tana daka wa gidan da babu mijinta. Wa'adin shekara huɗun da alƙali ya yanke ya cika, yana so a ba ta izini ta yi takaba ta koma gida. In ta tafi, Haske za ta bi ta, ita ce kuma ke riƙe wa Inna sanda, ita ce kaɗai ke sa ta dariya. In kuma aka yi takaba, mun binne Manzo ke nan da bakinmu, alhali wataƙila yana can da ransa.

Na je gaban alƙali da littafina a hammata. Na nuna masa cewa littafin kashi biyu ne, a na biyu hafsan ya dawo ya nemi jagoransa suka sake tafiya. Na ce ɗan'uwana da ke aikin sinima a Yamai ya tabbatar mini an yi fim na biyu, yana hanya. In Manzo ya fito ciki, to bayan faɗuwar ya tashi. Alƙali ya ce shi bai taɓa karɓar shaida daga ƙyallen da aka rataya a bango ba, amma saboda tsohuwa ya ba ni zuwa ruwan farko.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Manzo bai so bin Nasaran nan ba, ya ce yana da sharar gona. Ni na zaunar da shi gindin gawon bayan gidanmu, yini guda ina ba shi labarin jagoran littafin, yadda za a san sunansa har Faransi. Ni na yi musu tafinta. Da aka kawo takarda, ni na kama babban yatsansa na dangwala a tawada.

Don Allah in kashi na biyun ya iso, ka bar yabon kiɗa da kyan mata, ka buɗe ido ka duba mini mutum ɗaya. Inna na gaishe ka, ta ce ka manta da ita.

Naka,
Kailu

Filinge, 11 ga Afrilu 1957

Zuwa ga taubashina Lawali, wanda yau kaɗai ya yi abin kirki,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta iyali, da yadda kuke fama da zafi. Nan ma rana ta buɗe, rijiyar kasuwa ta ja ƙasa.

Takardarka a tsaye na karanta ta ƙofar gidan waya, na sake karantawa a hanya har na yi karo da jakin mai ruwa. Jagora ya dawo a kashi na biyu! Rigar saƙin ce, malafar ce, har kambun ka ce ka gani a dantse. Na karanta wa Inna sau uku. Ta sa aka dama fura ƙwarya biyu aka kai masallaci, ranar kuma ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Na bi ta ƙofar Magagi da gangan na gaya masa. Ya ce Allah ya sa haka ne, ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

Yanzu da hankalina ya kwanta, haushin Manzo nake ji. Mutum yana da rai, yana hawan doki gaban Nasara, ya kasa samun mai rubuta masa layi biyu zuwa ga uwarsa? In ya dawo sai na ci masa mutunci kafin in rungume shi.

Sauran abin da ka cika takarda da shi ban kula ba. Wai na biyun ya fi na farko, an ƙara zakuna, an ƙara bindigogi. Kai ko an nuna maka akuya ta sa wando yabo za ka yi, muddin ta bi ta cikin injinka.

Abu ɗaya ya ɗan tsaya mini. Ka san tsakanina da Habsatu akwai kunya, matar ƙane ce, ba ta yi mini magana kai tsaye. Da aka gama karatun takardar ba ta yi guɗa ba. Ta aiko matata ta tambaye ni ko ka ce ka ga fuskarsa. Na sake duba shafukan, na ga ka lissafa riga da malafa da kambu, ba ka ambaci fuska ba. Na ce mantuwa ce irin taka.

Ka yi ƙoƙari wurin masu tsara tafiyar kamyon a sa fim ɗin cikin na wannan zagaye, kafin ruwa ya sauka. Allah ya saka maka da alheri. A gaida kowa da kowa.

Naka har kullum,
Kailu

Filinge, 26 ga Mayu 1957

Lawali,

Ina fata kuna lafiya. Mu jikinmu lafiya. Hadari ya fara haɗuwa gabas, bai zuba ba tukuna. Na gode da ƙoƙarinka, kamyon ya zo shekaranjiya da fim ɗin.

Tun da ra'ayina kake so a kan kowane fim, ga shi. Wannan ɗumamen tuwon jiya ne aka ƙara wa ruwa. Littafi na biyu labarin fari ne, da yadda gari ke watsewa in rijiya ta ƙafe. Babu ko ɗaya a ciki. Hafsan ya yi ƙiba, matar da ya sumbata ta ɓace babu bayani an kawo wata. Zakin da aka harbe a na farko shi aka sake harbewa, na gane shi da yagaggen kunnensa. Dutse guda suka yi ta zagayawa suna cewa sun yi tafiyar wata biyu. Waɗannan mutane ba su ji kunyar kowa ba, don ba su taɓa zaton wanda ya san wurin zai gani ba.

Tun farkon farawa, don su tuna wa 'yan kallo inda aka tsaya, suka sake nuna faɗuwar. Ita ce dai, ba su canza komai ba. Wannan ma ba ka gaya mini ba. Wannan karon ban dubi ƙura ba, ƙafafunsa na duba. Suna cikin likkafa, Lawali, duka biyu.

Can tsakiya sai ga jagora ya ɓullo bisa tudu, wai ashe suma ya yi wasu makiyaya suka tsince shi. Matasa suka yi ta tafi da ihu. Ni ma zuciyata ta yi tsalle. Amma daga nesa ake nuna shi, ko ta baya, in kuma ya matso sun naɗe masa fuska da rawani sai ido. Ka yi wasa da Manzo tun kuna tsirara, ka manta bahago ne? Shi da dama yake riƙe linzami, bulala a hagu. Wannan linzami a hagu, bulala a dama, zamansa bisa sirdi kamar an ɗora buhun hatsi. Na ga Magagi ya miƙe daga cikin mutane ya kaɗe rigarsa ya fita, wasu tsofaffi uku suka bi shi.

Inna na sahun gaba, ta karkato kunne wajena tana jira. Mazurari na bakina. Na san abin da take so ta ji, kalma ɗaya ce, kuma da na faɗe ta babu mai kama ni. Na ce ga jagora ya dawo. Har aka gama ina cewa jagora ya hau, jagora ya sauka, jagora ya nuna hanya. Ta koma gida tana sa wa Nasara albarka, ni ina riƙe da hannunta.

Jiya da safe ina alwala bayan ɗaki, sai na ji muryar Habsatu ta bayan zana. Shekara shida tana gidan nan ba ta taɓa ɗaga murya gare ni ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce in yafe mata, magana ce da ba ta aike. Ta ce rigar da ke jikin jagoran ta Manzo ce, babanta ya saƙa ta, ta gane ƙunar garwashin da ke kafaɗa. Malafar ma tasa ce. Ta ce namiji in ya shiga wuya a baƙon wuri yakan sayar da riga, ya sayar da malafa, har doki yakan sayar, ba ta da ta cewa. Amma kambun nan Inna ce ta sa baduku ya ɗinke shi a jikin dantsensa tun yana saurayi, dantsen ya cika a cikinsa, ba ya wuce gwiwar hannu, ko wanka da shi yake yi. Ba ya fita sai an yanka. Ta ce wanda ke hannun mutumin nan yankakke ne, da igiya aka ɗaure shi, ta ga kullin lokacin da ya ɗaga hannu. Ta ce mai rai ba ya tsayawa a yanke masa kambu.

Ba ta yi kuka ba. Na ji ta koma ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da daka.

Sai yanzu na gane abin da na yi wata huɗu ina zagi. Ina ta cewa sun ɓata littafi, sun kashe jagoran da bai mutu ba, jahilai ne ba su iya karatu ba. Sun iya. Ba su canza labarin don hawayen 'yan kallo ba, kamar yadda ka ce. Jagoran ne ya mutu a hannunsu ana tsakiyar aiki, injin na juyawa, suka ga hoton ya yi kyau suka bar shi. Sannan suka tuɓe masa kaya suka adana, don kada na biyu ya saɓa da na farko.

Kai ka ga kambu ka yi mana albishir. Ba na zarginka, ni ma da ba a nuna mini kullin ba, da na ci gaba da ruɗin kaina. Amma kada ka sake rubuto mini yabon wani fim.

Ka gaida gida.

Kailu

Filinge, 17 ga Yuni 1957

Zuwa ga ɗan'uwana Lawali,

Bayan gaisuwa, ina fata kai da Balkisu da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Takardarka ta ta'aziyya ta iso, an karanta wa Inna, ta sa maka albarka. Ruwa ya sauka daren Talata, mun yi shuka, har gonar Manzo mun shuka.

Ban jira alƙali ya kira ni ba. Na bi ta gidan Magagi na durƙusa na ba shi haƙuri, muka tafi tare. Na ce na janye maganata, littafin da na kawo ba shaida ba ne. Magagi ya faɗi abin da ya gani, aka aika aka ji ta bakin Habsatu. Alƙali ya ce shi dai da wa'adi ya yi hukunci, ba da ƙyalle ba, amma ya ji. Na je wurin kumandan da maganar, ya ce masu fim ɗin sun daɗe da komawa ƙasarsu, zai rubuta. Na san irin wannan rubutun. Na ajiye masa mazurarinsa bisa tebur, na ce in kamyon ya sake zuwa a nemi wani.

Abin da na fi jin tsoro shi ne gaya wa Inna. Kwana biyu ina zagaya ƙofar ɗakinta. Da na shiga na zauna, ban gama haɗa magana ba ta ce in bari, ta sani. Ta ce ita ba ta ga komai a ƙyallen nan ba, fari kawai take gani yana motsi, ni take saurare. A fim na farko na kira shi da sunansa gari duka ya ji. A na biyu tun daga farko har ƙarshe ban kira shi ba ko sau ɗaya. Ta ce albarkar da ta yi ta sa wa Nasara a hanya don ni ta yi.

An yi addu'a da sadaka ranar Juma'a. Mutane sun zo daga Bankuku, har daga Sanam, mahaya goma sha ɗayan nan duk sun zo. Babu gawa, babu kabari, ba mu ma san ƙasar da ya kwanta ba. Habsatu ta shiga takaba a ɗakinta. Bayan wata huɗu da kwana goma, in an yi girbi, babanta zai zo ya tafi da ita. Inna da kanta ta ce Haske ta bi uwarta, ba za a raba yarinya da iyaye biyu ba. Littafin yana cikin akwati, na kasa ƙona shi, na kasa buɗe shi.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto, kuma ka yi mini dariya in ka ga dama, na cancanta. Haske ta ji ana ta cewa babanta, babanta, sai ta zo ta tambaye ni wanne ne a cikinsu, mai dariya ko mai rufe fuska. Na ce mai dariya. Ta ce ta manta kamarsa, in sake nuna mata. Lawali, Manzo bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Duk duniya babu inda fuskarsa ta rage sai cikin abin nan da na tsana.

Na sha yi maka gori a kan yanke-yanke da liƙe-liƙenka, da guntayen da kake watsarwa a ƙasa. In fim na farko ya sake biyowa ta hannunka, ka nemi wurin da ya sa ƙafa a likkafa ya waiwayo. Ka yanko mini kamar tsawon ɗan yatsa, ka liƙe sauran yadda ka saba, babu mai lura, ba su ma san sunansa ba. Na san in an ɗaga shi ga rana ana ganin mutum. Ka naɗe a takarda mai kauri, ka ba direban da ka yarda da shi, ya iso kafin girbi. Zan kai wa baduku ya yi masa gida na fata mai buɗewa, ta tafi da shi Bankuku a wuyanta.

Ka kula da almakashinka. Kafin ya hau nake so, yana dariya, tun bai saki linzami ba.

Inna na gaida ɗan ɗan'uwanta, matata na gaida Balkisu. Allah ya jiƙan wanda ya riga mu, ya sada mu da alheri.

Ɗan gwaggonka,
Kailu